Farin Faranti a Kogin Simo

Duk Litinin nakan hau gadar katako
da farin faranti ɗaure a igiya.
Mahaifina Reino ne ya yi mata ƙulle-ƙulle,
taƙi ɗaya, ƙulli ɗaya.
Ya ce: Tuovi, ki riƙa saki a hankali,
inda farin ya ɓace wa idonki, nan za ki rubuta.

Ina 'yar shekara tara, ƙulli goma sha ɗaya ke nutsewa
kafin faranti ya ɓuya.
Har tsakuwar ƙasa ina gani,
da wani kifi tsaye cak kamar mai jiran baƙo.
Jiya huɗu.
Na ɗago, na goge tabarau, na sake saki.
Huɗun dai.

Ruwan ya koma ruwan bunu.
Da laka ce, da ta kwanta in an bar kofi ya huta.
Wannan ba ya kwanciya.
Fadama ce da kanta ta narke a ciki.

Can sama, inda kogin ke fara rarrafe,
akwai fadamar da ba ta ruɓar da matattunta.
Gansakuka ta mutu, wata ta hau kanta,
wata ta hau kan wannan,
sanyi da ruwa suka liƙe bakin rumbun.
Abin da ganye ya zuƙo daga iska
tun ba a sari katakon cocin ƙauyenmu ba
yana nan kwance, baƙi ƙirin, tsayin mutum uku.
Masana daga Oulu suna ce masa kabon.
Baba yana ce masa ajiyar ƙasa.

A da, Oktoba na ƙarewa ƙanƙara ke sa kwaɗo,
ba a buɗewa sai Mayu.
Bara an yi ruwan sama a Disamba,
na ji shi kan rufi, na kasa barci.
Zafi kuwa yanzu yana zama har ya gundure mu,
saman fadama ya bushe, ya tsattsage kamar faso,
iska ta kutsa,
ƙwayoyin halittar da suka yi dubban shekaru da yunwa
su farka su hau ci.
Abin da suka rage, ruwan kaka ya wanke shi zuwa nan,
ƙarƙashin ƙafafuna.

Kuma akwai magudanan.
Baba na cikin waɗanda suka haƙa su, da shebur da ƙwanji,
don fadama ta tsane a shuka itacen katako.
Da ladan ya saya mini takalmin makaranta, ja.
Ba na zaginsa. Takalmin ya yi mini shekara uku.

Maƙwabciyata Aune ta daina ɗauraye farin zanen gado a kogi.
Gidan ruwa sun ƙara magani, sun ƙara kuɗi.
Kogin na tafiya teku yana fitar da numfashi,
abin da fadama ta ɓoye yana komawa sama,
sama ta ƙara ɗumi,
ɗumin ya dawo ya sake taɓa ƙofar rumbu.
An ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.
Masu ɗiba suna da yawa, wasu ba su taɓa jin sunan Simo ba,
ga shi bakin kifinmu ne ke ƙuna.

A watan jiya mu bakwai muka shiga fadamar da dogayen takalman roba,
muka toshe magudana biyu da gungume da curin ƙasa.
A bakin ta uku na tsinci ƙotar shebur, ta yi baƙi, ba ta ruɓe ba.
Ban san ko tasa ce ba. Na sa a jaka.

Yanzu yana gidan tsofaffi a Kemi.
Ya manta sunan mijina,
amma duk na shiga sai ya ce: ƙulli nawa?
Na ce huɗu.
Ya daɗe yana kallon hannuwansa,
sannan ya ce in kawo igiyar ya duba,
wataƙila shi ne bai auna daidai ba.